Zauren Lafiya: 'Yata tana ƙarewa, amma ta ce ƙiba ta yi

Wasiƙun wannan fitowar duk a kan ciwo guda suka taru, ciwon da ke sa matashi ya ƙi abinci don tsoron ƙiba har jikinsa ya lalace. Likitocinmu suna rubuta shi a katin asibiti da Faransanci, anorexie mentale, mu kuma za mu riƙa cewa anoreksiya. Mun taƙaita wasiƙun, mun cire sunaye.

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata shekararta 15, tana shirin jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare. Wata takwas ke nan da ta fara barin tuwo, sai ta bar shinkafa, ta bar duk abin da aka soya. Yanzu daga kokwamba sai ruwan zafi da lemon tsami. Da kilo 52 take, yanzu 41. Al'adarta ta ɗauke wata huɗu. An gwada tarin fuka da ƙanjamau da suga, ba a ga komai ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai, ita ke shiga madafa ta girka wa kowa, ta tsaya sai mun cinye, ita ko loma. In na yi magana sai ta kama cinyarta ta ce kitse ne. Mene ne wannan, kuma ina zan dosa?
Wata uwa, Garwa

Amsa: Wa'alaikumus salam. Sannu Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Kin yi daidai da kika fara da gwaje-gwajen nan, domin a ƙasarmu in yarinya ta rame haka, tarin fuka da ƙanjamau da ciwon suga da tsutsar ciki ne abin fara nema. A ƙara da gwajin tayirod, ƙwayar nan ta maƙogwaro da kan ƙona jiki in ta yi aiki fiye da kima. Sai dai masu waɗannan cututtukan ramarsu tana damunsu, suna so su murmure. Taki kuwa ramar daɗi take mata, ƙiba take tsoro, ta kalli ƙashi ta kira shi kitse. Haɗuwar waɗannan ita ce alamar anoreksiya. Girkin da take yi wa kowa ma yana ciki: yunwar tana nan tana cin ta, kanta ba ya tunanin komai sai abinci, sai ta ciyar da wasu ta ƙoshi da kallo.

Za a ce miki ciwon 'ya'yan Turawa ne, a nan da ake yabon mace da cika wa zai guji abinci. Gaskiya a can aka fara bayyana shi, a 1873, ta hannun William Gull a Ingila da Charles Lasègue a Faransa, amma ba ya tambayar ƙasa. Akwai gado a cikinsa, binciken da aka yi kan tagwaye ya nuna kusan rabin haɗarin kamuwa a jini yake. Ya fi kama yara masu ƙwazo, masu son komai nasu ya fita tsaf, masu saka abu a rai. Abin da ke kunna shi sau da yawa ƙarami ne: tsokanar 'yan aji, hotunan waya, matsin jarrabawa, ko wata jinya da ta ramar da yarinya wani ya yaba. Ba ke kika jawo mata ba, ita ma ba zaɓa ta yi ba, kuma neman mai laifi yana cinye lokacin da ba ku da shi.

Abin gaggawa jikinta ne. Kilo 11 cikin 52 ya wuce kashi ɗaya cikin biyar, kuma zuciya ma tsoka ce, tare suke ramewa da sauran jiki. Yau ɗin nan, bayan ta huta minti biyar a zaune, ki ɗora yatsu biyu a wuyan hannunta ta gefen babban yatsa, ki ƙirga bugun na minti ɗaya cur da agogon waya. In bai kai 50 ba da rana, likita ya gan ta a ranar. In ya yi ƙasa da 40, ko ta taɓa suma, ko jiri na kwasarta in ta miƙe, ko ba ta iya tashi daga tsugune sai ta dafa ƙasa, ko tana zubar da kilo guda kowane mako, ko ta daina shan ruwa, to maganar kwanciya a asibiti ce, ba a jira gari ya waye. Haka nan in ta taɓa cewa gara ta mutu. Ki tambaye ta kai tsaye, tambayar ba ta dasa wannan tunanin a ran wanda ba shi da shi. A cikin cututtukan ƙwaƙwalwa wannan yana sahun gaba wajen kisa, kuma kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka rasu da shi, su suka kashe kansu.

Kada kuma tsoro ya sa ku ɗura mata abinci mai yawa rana ɗaya, ko ku kira mai kemis ya ɗaura mata ruwan gulukos a gida. Jikin da ya daɗe da yunwa ya riga ya cinye ajiyarsa ta wasu gishirai, fosfet da fotasiyam da maganeziyam. Da zarar sukari ya shiga da yawa, insulin, sinadarin da ke sarrafa sukari a jiki, zai tashi ya kwashe ɗan abin da ya rage a jini ya tura cikin ƙwayoyin jiki, sai bugun zuciya ya rikice, ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya, ko ta fara sambatu. An fi ganin haka a makon farko zuwa na biyu da fara ciyarwa. Shi ya sa kafin a fara, likita zai auna gishiran nan a jini, ya ɗauki zanen bugun zuciya da na'urar ECG, ya ba da bitamin B1, ya faɗi ma'aunin farawa da yadda za a riƙa ƙarawa, a kuma maimaita gwajin jinin cikin kwanakin farko.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun yi ƙaranci a arewacin Kamaru, kada ki zauna jiran sai kin samu. Ki fara da likitan yara ko babban likita a asibitin yanki na Garwa. Ki faɗi sunan ciwon da kike zargi da bakinki, ki ba da nauyin da da na yanzu, domin yarinyar za ta ce lafiyarta ƙalau, kuma za ta faɗa cikin ladabi da hankali har a yarda da ita. Ma'aikatan sashen tamowa, masu fara yara da madarar F-75, sun san haɗarin ciyar da mai doguwar yunwa sarai, kuma shawararsu tana da amfani ko da yake kayan aikinsu na ƙananan yara ne. In ana buƙatar likitan ƙwaƙwalwa ba a samu kusa ba, asibitin Jamot da ke Yawunde yana da sashen.

Tambaya: Likita ya tabbatar 'yata mai shekara 14 tana da wannan ciwon. Ta yi kwana goma a asibiti, aka sallame mu aka ce mu ci gaba da ciyar da ita a gida. Gidan ya koma filin daga. Na lallashe ta, na yi mata alkawarin waya, na yi faɗa, har hannu na ɗaga, a banza. Uwarta tausayi yake sa ta rage mata, abokiyar zamanta kuma ta ce sangarta ce. Me za mu ba ta, nawa, kuma ta yaya?
Wani uba, Marwa

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari. Hanyar da likitanku ya ɗora ku a kai ita ce ta fi samun shaidar nasara ga 'yan ƙasa da shekara 18. An faro ta a asibitin Maudsley na Landan wajen ƙarshen shekarun 1970, kuma tushenta shi ne iyaye su karɓi ragamar abincin ɗansu gaba ɗaya na wani lokaci: su zaɓa, su dafa, su zuba, su zauna har a cinye. Ba a tambayar yaro mai zazzaɓin cizon sauro ko yana sha'awar maganinsa, to abinci a nan haka yake. Akan ɗauki wata shida zuwa shekara ana yi, kuma ta fi aiki in ciwon bai kai shekara uku ba.

Akwai dalilin da ya sa lallashi da faɗa duk suka ƙi ci. Tsakanin 1944 da 1945, a jami'ar Minnesota ta Amurka, Ancel Keys ya rage wa maza 36 masu ƙoshin lafiya kusan rabin abincinsu na wata shida. Suka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, suka koma masu saurin fushi, masu gudun mutane, masu jan ɗan abinci awa da awanni suna wasa da shi, wasu har tara littattafan girki. Yunwa kaɗai ta mai da su haka. Yawancin taurin kan da kake gani na ƙwaƙwalwar da ba ta ƙoshi ba ne, kuma ba za ta ji hujja ba sai nauyi ya fara dawowa. Duka kuwa tsoro yake ƙara mata, alhali tsoron ne ya rufe mata baki tun farko. Kada a sake.

Kafin a gyara kwano, a gyara manya. Ka zaunar da iyalinka biyu da duk mai zuba abinci a gidan, har kaka in tana nan, ba a gaban yarinyar ba, ku tsayar da magana ɗaya. Ciwon nan mai laushin zuciya yake nema ya bi ta wurinsa. In ranar girkin wannan ana cika kwano, ranar waccan ana ragewa, ba inda za a je. In 'yar fari ce uwar tana mata kara, ko ba ta iya jure kukanta, a samo goggo ko inna mai sanyin rai da tsayuwa a kan magana ta riƙa zama. Kai ma ka bar ci a zaure ko sau ɗaya a rana ka zauna tare da su. Zamanka shiru yana da nauyin da faɗanka ba shi da shi.

A cire ta daga kwanon tarayya. A taron hannaye ba mai sanin loma nawa ta kai baki, galibi ma a nan ciwon yake ɓuya wata da watanni, hijabi kuma ya rufe ramar. Kwanonta daban, amma a cikin mutane za ta ci. A hana ta shiga madafa, da zuwa cefane, da tsayawa a kan mai zubawa.

Ci sau shida ne a rana: kari, na rana, na dare, da abin taɓawa uku a tsakani, da hantsi da la'asar da kafin barci. Kada tazara ta wuce awa uku in ba barci take ba. Abin da ake nema a gida rabin kilo ne a mako. Don a samu haka sai an ɗora kamar kalori 500 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) a rana a kan abin da ke riƙe nauyinta, kuma bayan 'yan makonni jiki yakan fara ƙona abinci da sauri, har ta riƙa jiƙewa da gumi cikin dare, sai ka ga yarinya tana buƙatar kalori 3000 ko fiye. Iyaye kusan kullum kasa suke yi wajen zubawa, domin idonsu ya saba da ɗan abin da take ci. Ku auna da kwanon sa'arta mai lafiya mai ci sosai, nata ya fi shi.

Cikinta ya yi rauni, ba ya ɗaukar tulin abinci, saboda haka maiƙo za a ƙara a cikin ɗan abin da ciki ke ɗauka. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko man shanu kusan kalori 120 ne. Biyu a miyar rana, biyu a ta dare, an samu kusan 500 ba tare da malmalar tuwo ta ƙaru ba. Kofi ɗaya na madara mai cikakken maiƙo, kwatan lita, kusan 150 ne. A dama shi da cokali biyu na markaɗaɗɗiyar gyaɗa da cokali ɗaya na sukari da ɗan gari, kunun ya kai 400. Cikin tafi ɗaya na soyayyar gyaɗa kamar 170, dabino biyar kamar 100, soyayyen ƙwai kamar 90. Fura da kindirmo, ƙosai, waina, ɗanwake da mai, dakuwa, kantun riɗi, soyayyen kifin tafkin Maga, duk abincin jinya ne a nan, ba sai an sayo gwangwanin kanti ba. Nonon da aka tsame wa mai aka tsinka da ruwa ba ya cikin lissafi. Madarar shanu a tafasa ta kafin a ba ta, jikinta ba zai iya da wata cutar ba. Plumpy'Nut da ake gani a kasuwa kuwa rabon yara masu tamowa ne aka karkatar, kunun nan yana yin aikinsa.

A ba babban abinci minti 30, ƙarami 15. Ta zagaya kafin a zauna, bayan an gama kuma wani ya zauna da ita awa guda, ko hira, ko kitso, ko ludo. A wannan awar tsoro ke kai maƙura, a ita ake zuwa a amayar da abin da aka ci, ko a shige ɗaki a yi ta tsalle. Mai zama ya sa ido ba tare da tuhuma ba. Loma tana shiga hannun riga da ƙarƙashin tabarma, ana shafe mai a gefen zane, ana jefa wa kaji da akuya, ana miƙa wa almajiri a ƙofa da sunan sadaka. In an gani a ce, na ga wannan ta faɗi, ga madadinta, shi ke nan. Magana gajera, murya ƙasa: na san da wuya, ɗauki ta gaba, ina nan. Kada a shiga musu kan ko ta yi ƙiba ko mai nawa aka zuba, ba a taɓa cin wannan musun. Za ta iya zagin ku, yarinyar da ba ta taɓa ɗaga ido ta kalle ka ba. Ku riƙe cewa ciwon aka taɓa, ku bar maganar tarbiyya sai ta warke. In lokaci ya cika ba ta cinye ba, a ba ta kunu gwargwadon abin da ya rage. In ta wuni ta kwana ba ta ci komai ba, ko ta ƙi ruwa a zafin Marwa, a koma asibiti, kuma ta san da wannan sharaɗin tun farko.

Za ta yi kukan kumburin ciki da rashin bayan gida, kuma gaskiya take faɗa, hanjin da ya daɗe ba aiki a hankali yake tafiya. Yana warwarewa cikin makonni in an ci gaba da ci, rage abinci shi ke tsawaita shi. Kada a ba ta filasko ko wani maganin wankin ciki. Awo sau ɗaya a mako a asibiti, a sikeli ɗaya, da safe, bayan ta yi fitsari, da kaya marasa nauyi, domin akan ɗura ruwa ko a ɓoye dutse a jiki. In mako biyu sun wuce ba ƙari, ko dai abincin bai isa ba, ko yana fita ta wata hanya, amai ko motsa jiki a ɓoye. A gano wanne ne, a kuma ƙara kofin kunu guda. Makaranta kuwa, in babu mai zama da ita lokacin ci, gara ta huta 'yan makonni. Jarrabawa tana dawowa baɗi.

Tambaya: 'Yar ƙanena ce ke fama. Maƙwabta sun kawo mana ƙwayoyin sa ƙiba na kasuwa, wani malami kuma ya ce sammu ne, zai ba ta abin da za ta sha ta amayar da shi. Mu gwada?
Wata goggo, Injamena

Amsa: Hajiya, a'a ga duka biyun. Ƙwayoyin nan galibi iri biyu ne. Akwai mai buɗe ciki, siproheptadin, wanda asalinsa maganin ƙaiƙayi da atishawa ne. Mai anoreksiya tana jin yunwa, tsoro ne ya hana ta, in an ƙara mata yunwa azaba aka ƙara mata. Akwai kuma deksametazon da danginsa, irin da ake haɗawa a cikin abin da 'yan mata ke kira sha-ka-fashe. Su fuska suke kumburawa, su tara ruwa, su cinye tsoka, su ƙara raunana ƙashin da ciwon ya riga ya raunana, su tayar da suga da hawan jini, su karya garkuwar jiki. Fuskar da ta cika da su za ta firgita yarinyar, ku kuma ta ruɗe ku ku ɗauka sauƙi ya samu. Har yau babu ƙwayar da ke warkar da wannan ciwon. Likitan ƙwaƙwalwa kan ba da ɗan olanzafin ga wadda tsoro ya hana sakat, bayan ya duba zuciyarta, don a samu ta zauna ta ci. Wannan hukuncinsa ne shi kaɗai.

Addu'a da karatu ba mai hana ku, yarinyar da ake yi wa addu'a cikin natsuwa ma tana samun ƙarfin rai. Sharaɗin shi ne kada a ba ta abin da zai sa ta amai ko gudawa, kada a sa ta azumi ko a yanke mata wani abinci, kada a doke ta ko a turara ta a rufaffen ɗaki da sunan fitar da aljani, kada kuma a ɗage asibiti sai an gama. Amai da gudawa fotasiyam suke zubarwa, kuma ƙarancinsa kan tsayar da zuciya farat ɗaya a jikin da ya rame. Ku faɗa wa malamin haka, mai ilimi ba zai ƙi ba. Ku duba kayanta ma ko tana shan shayin rage teɓa, da yawa daga cikinsu maganin wankin ciki ne a ciki. Gwajin jinin kuwa, ku nufi Asibitin Uwa da Yaro ko babban asibitin ƙasa nan Injamena.

Tambaya: Ƙanena shekararsa 17, ɗan ƙwallo ne. Gudu yake safe da yamma, yana azumin Litinin da Alhamis, yanzu har ya ƙara wasu kwanakin, in an sha ruwa kuma daga shayi sai dabino ɗaya. Ya bushe ƙarau. Iyayenmu murna suke ya kama addini. Ga azumi ya kusa. Namiji ma yana kamuwa?
Wani yaya, Ngaundare

Amsa: Yana kamuwa, ɗan'uwa. A cikin masu zuwa asibiti da ciwon kusan ɗaya cikin goma namiji ne, kuma a makare ake gane su, domin babu ɗaukewar al'ada da za ta tona asiri, kuma su ba sa cewa suna son rama, sai su ce jiki suke so ya ɗaure. Jinkirin bugun zuciyarsa ma sai a ce ai ɗan wasa ne. Ka ƙirga masa kamar yadda muka faɗa a amsar farko, a kai shi a yi gwajin. A tambaye shi kuma ko yana shan tiramol, domin shi ma yana kashe cin abinci, kuma ya yawaita tsakanin samari.

Mai azumi don ibada, in an kira magariba yana ci da marmari, yana tashi sahur. Wanda ciwo ya fake da azuminsa kuwa, buɗa-baki shi ne lokacin tashin hankalinsa, kuma kullum ƙarin kwana yake nema. Ba muna cewa ƙarya yake wa Allah ba, shi kansa ba ya iya raba biyun yanzu. A dakatar da nafila. Na Ramadan kuma, aya ta 185 a Suratul Baƙara ta ba mara lafiya rangwame ya rama a wasu kwanaki, kuma wannan rashin lafiya ne da azumi ke ƙara wa ƙarfi. Daga bakinka ba zai karɓa ba. Ku samu takardar likita, ku kai wa limamin da yake girmamawa, shi ya faɗa masa a gaban mahaifinku.

A cikin watan, cinsa shida yana nan a kan lokacinsa ko da duk gida na azumi, kuma dole wani ya zauna da shi da rana. A ba shi a cikin ɗaki don kada kunya ta zama hujja. Da magariba a zuba masa kwanonsa kamar kullum, tarin kwanukan buɗa-baki firgita shi suke. Tilawa da sadaka da asham suna nan ya riƙe. Ƙwallo da gudu da keke mai nisa su tsaya sai likita ya ba da izini, a kuma mayar da su kaɗan-kaɗan da ƙarin abinci a ranar wasa. In ya yi gardama, ka nuna masa cewa jikin da ba ya samun abinci tsokarsa yake ci, kuma tsawon da yaro ya rasa a shekarun girma ba lalle ya dawo ba.

Tambaya: Alhamdu lillahi 'yata mai shekara 18 ta ƙara kilo shida, har ta fara dariya da ƙannenta. Amma al'ada ba ta dawo ba. Dangi sun ce a yi mata aure, sauran ya warware a ɗakin miji. Mu saki ragamar abincin?
Wata uwa, Kusiri

Amsa: Barka Hajiya, dariyar nan alama ce ta ƙwarai. Amma da saura. Nauyin da ake nema ya kan wuce wanda take da shi kafin ciwo, domin shekarun da suka wuce na girma ne. Al'ada takan dawo in an haura nauyin da ta ɗauke a kansa da kamar kilo biyu, wani lokaci sai an yi wata shida a wurin. Kada a ba ta ƙwayar tsarin iyali don jini ya zo. Jinin ƙwaya ne, zai ɓoye miki alamar da kike jira, kuma ba ya kare ƙashi. Yawancin waɗanda suka warke suna haihuwa lafiya.

Aure yanzu zai ɗauke ta daga hannun masu zama da ita ya kai ta inda ita ke girki, ita ke zubawa, ba mai gani. Ciki a kan rama kuma yana kawo ƙaramin jariri ko bakwaini. A bari ta yi kamar shekara nauyi na tsaye, al'ada na zuwa, kuma wanda zai aure ta ya san ciwon da alamominsa kafin a sa rana.

Ragamar a hankali ake saki. Ta fara da zaɓar abin taɓawa guda, sai ta zuba wa kanta kina kallo, sai ta ci a gidan biki ba ke. Abincin da take tsoro har yanzu, soye-soye ko nama mai kitse, a shigo da guda kowane mako a maimaita shi har ya zama ba komai. In nauyi ya sauka mako biyu a jere, a koma matakin baya ba tare da faɗa ba. Ki ja kunnen 'yan'uwa da baƙi su bar gaisuwar nan ta kin yi ƙiba, kin yi ɓul-ɓul. A wurinmu yabo ne, ita kuwa zai iya hana ta cin abincin dare. Su tambaye ta karatu ko ɗinki.

Kusan ɗaya cikin uku ciwon kan dawo musu, galibi a shekarar farko zuwa ta biyu. Ki sa ido lokacin jarrabawa, da azumi, da bayan duk wata jinya. In zazzaɓi ko taifot ya zubar mata da kilo biyu, kada a jira su dawo da kansu, a mayar da ci shida da awon mako-mako a ranar da ta tashi daga kwanciya.